Karyar da Abi Chorol Ta Ƴanta

A kwarinmu na Tsemar babu mai neman zama goba, wato mai gari. Wa zai nemi wahala da ƙafarsa? Kai ne rabon makiyaya, kai ne raba masu faɗa a kan marmaro, kai ne hawa da sauka zuwa birnin Leh kana durƙusa wa ma'aikata, garkenka kuma yana can yana ramewa. Shi ya sa ake jefa ƙuri'a. Magidanta su zauna a gaban lama, malamin addininmu, a kaɗa ƙwayoyi biyu irin na lido a kwanon katako, a kife. Wanda ta faɗa wa ya ɗauki kayan gari na shekara guda, sauran su zo su yi masa jaje suna ɓoye dariya. A shekarar da zan ba ku labari ni ta faɗa wa, ni Angdus, kuma a shekarar ce karnuka suka kai mu bango.

Ba karnukanmu na gadi nake nufi ba, masu kwana a bakin tanti suna yi wa kyarkeci haushi. Marasa ubangida nake nufi. Masu aikin hanya ne suka fara kawo su, suka saba musu da ragowar shinkafa, da aiki ya ƙare suka naɗe kayansu suka bar mana gado. Sauran kuwa aikin hannunmu ne. Mu ba ma kashe rai, ko na ƙwaro ne. To idan karya ta haihu, mai ita ya ga bakuna sun yi masa yawa, sai ya zuba kwiyakwiyan a buhu, ya haura da su mashigar dutse, ya ajiye su kusa da tantunan mutanen kwarin Shagar, ya dawo da farar zuciya tunda bai kashe komai ba. Mutanen Shagar su ma masu gudun zunubi ne kamar mu, kuma su ma suna da buhu. An taɓa yin wata rana wani namu da wani nasu suka yi kiciɓis a tsakiyar mashigar, kowa da buhu yana motsi a bayansa. Suka gaisa, suka tambayi lafiyar iyali, kowa ya wuce.

A irin wannan buhun karyar da muke kira Ido Huɗu ta iso mana. Baƙa ce wuluk, da ɗigo ja biyu a saman idanunta, ta girma ta kusa kai ɗan maraƙi. Kowane hunturu sai ta haihu, ba ta taɓa fashi ba, kuma ƴaƴanta ba sa mutuwa. Rabin karnukan da ke yawo a kwarin nata ne, sauran rabin jikokinta.

A ƙarshen sanyi awakinmu suke haihuwa, lokacin da kowane mai haƙori yake fama da yunwa. Kyarkeci yana da ƴar kunya, ya ɗauki ɗaya ya tafi. Kare kuwa ya san mutum, ba ya tsoron wuta, ba ya tsoron ihu. A wannan shekarar karnukan suka tsallaka shingen dutsen ɗana Targais, suka yi ɓarnar da har yau ba na son tunawa. Da safe ya jera ƴan awakin a ƙasa, waɗanda aka ci rabi da waɗanda aka kashe don wasa kawai, ya aika a kira ni.

"Aba, dube su da kyau," in ji shi. "In aka sake yi mini haka baɗi, sayar da garken zan yi in sauka Leh. Ba tsoratar da kai nake yi ba."

Na san ba tsoratarwa ba ce. Targais ba ya magana biyu, halin marigayiyar uwarsa ya ɗauko. Shi ne autana, kuma shi kaɗai ya rage mini a sama, yayyensa duk sun sauka, ɗaya yana tuƙa motar baƙi, ɗaya tana saƙa a shagon wani. Ga shi dama zaman bai yi musu daɗi ba shi da matarsa Lanzes, ciki biyu ya zube mata a jere. In Targais ya tafi, tantina ya zama na tsofaffi biyu, ni da mahaifiyata Chorol, wadda duk kwarin ke kira Abi, wato kaka.

Don haka na kashe damina guda ina zarya. Wannan ofis ya tura ni wancan, wancan ya ce mai sa hannu ya tafi taro. Na sha shayin zaƙi har ya gundure ni. Daga ƙarshe aka yi mini alkawarin likitar dabbobi za ta hauro kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanya, ta fiɗiye mazan, ta cire wa matan mahaifa, ta yi musu allurar ciwon hauka, ta sake su. Babu wanda za a kashe.

Na tara jama'a a gaban gidan ibada na faɗi haka. Na maimaita. Na sake maimaitawa da ƙarfi saboda masu nauyin kunne. Maƙwabcina Skarma ya fara ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe goba, marasa ubangida dai ko? Don nawa babu mai taɓa shi. Fiɗiyayyen kare in ya yi haushi kyarkeci dariya yake yi."

Sauran magidanta suka ce wannan gaskiya ne. Na ce to, na ji, a fara da na yawo. Sai mahaifiyata ta ɗago daga carbinta.

"Waɗancan ma da suka zo, cewa suka yi magani suka kawo."

Kowa ya san waɗanda take nufi. Tun ina saurayi wasu ma'aikata suka zo suka watsa nama mai guba. Karnuka suka yini suna birgima suna kumfa, har ungulu da dila suka bi su. Na ce mata wancan zamani daban, wannan daban. Ta ce to, ta koma kan carbinta. Da na san ma'anar wannan "to" ɗin, da ban kwana a tanti ɗaya da ita ban sa mata ido ba.

Likitar ta iso da yamma a motar asibiti. Sunanta Dakta Parimala, ƴar can kudu ce inda aka ce ko bargo ba su sani ba. Ta sauko leɓɓanta sun yi shuɗi, tana dafe da kai saboda tsayin ƙasarmu, amma ba ta zauna ba sai da ta ga ɗakin da za ta yi aiki, tsohon ajin makarantar da yara suka ƙare a cikinta. Ta zo da masu kamu biyu, mutanen Leh, masu addini irin namu, da manyan raga masu sanda.

Washegari da hantsi na ja su zuwa bayan bangon addu'a, inda karnukan suke shan rana. Suna nan kuwa, sun kai arba'in, a kwance a baje. Kuma kowane ɗaya da ƙyalle a wuyansa: fari, ja, kore, rawaya, shuɗi, an kitsa su tsaf an ɗaure. Har wani gurgun kare mai ƙazuwa, shi ma da nasa.

"Mai gari, biki ake yi musu?" in ji likita. Da Hindin kasuwa muke magana ni da ita.

Masu kamun ne suka amsa, don sun ajiye ragarsu a ƙasa sun haɗa tafuka. A wurinmu in mutum yana roƙon tsawon rai ga wani nasa, sai ya ƴanta dabba. Ya ɗaura mata ƙyalle mai launi biyar, daga ranar ba a yanka ta, ba a sayar da ita, ba a aske gashinta, ƙarfe ba ya taɓa jikinta har ta mutu don kanta. Tumaki ake yi wa, da awaki, wani lokaci yak, wato shanunmu masu dogon gashi. A rayuwata ban taɓa ganin an ƴanta garken karnuka ba sai ranar.

Na bi tanti tanti ina tambaya. Babu wanda ya gani, babu wanda ya ji. Skarma ya ce wataƙila karnukan ne suka tuba. Sai da na koma namu tantin na buɗe akwati na tarar sababbin tutocin addu'ar da na saya don sabuwar shekara sun zama tsumma, ga almakashi a kai. Mahaifiyata tana zaune tana kaɗa shayin man shanu kamar ba a yi komai ba.

"Ama, ke ce?"

"Ni da ƙawayena Zangmo da Palkit. Zauna ka sha shayi, fuskarka ta yi ja."

"Ta yaya kuka kama su? Karnukan da ko jifa ba ta samun su?"

"Wa ya ce kama su muka yi? Tun da ka fara zaryarka muke ba su dunƙulen garin sha'ir a bayan bango. Kai da sanda kake zuwar musu, mu da abinci."

Wato garin da nake ta mamakin saurin ƙarewarsa ke nan. Na yi damina guda ina roƙon gwamnati, tsofaffi uku da babu haƙora goma a tsakaninsu sun rushe aikin da almakashi ɗaya. Na ce mata ba kashe su za a yi ba, sau nawa zan faɗa? Ta ce in ba kashewa ba ne, me ya kawo wuƙaƙe a akwatin matar? Ashe har akwatin ta leƙa.

Na ja su su uku zuwa wurin Lama Tsultim, likita tana biye da mu tana haki. Tsultim sa'ana ne, tare muka yi kiwo kafin a aske masa kai, kuma tun yana yaro ba ya son a ce shi ya yanke magana. Ya saurare ni, ya saurari tsofaffin, ya yi ta gyara mayafinsa.

"Lama-le, hanya za ta rufe," na ce. "Matar nan ba za ta yi hunturu a nan ba. Waɗannan karnukan ƴantattu ne ko ba ƴantattu ba?"

"Al'amarin yana da fuska biyu."

"Zaɓi ɗaya."

Ya yi ajiyar zuciya, ya juya ga tsofaffin. "An shafa musu man shanu a ka?"

Zangmo ta yi tsaki. "Man shanun kare arba'in? Kai za ka ba mu? Mun gwada da biyu, suka lashe wa juna."

"An ambaci sunan wanda aka ƴanta kowane dominsa? An yi addu'a?"

Palkit ta ce sun dai yi ta jan carbi gaba ɗaya, a dunƙule.

"To," in ji Tsultim, "ƙyalle ba mai, ba suna, ba addu'a, ƙyalle ne kawai. Niyya ce mai kyau, za ta sami ladanta, amma ba ta hana magani. Wanda aka shafa wa mai aka ambaci suna kuwa, wannan ya fi ƙarfina."

Ya faɗi wannan na ƙarshen yana kallon ƙasa. Mahaifiyata ba ta ce uffan ba tun shigarmu. Ni kuwa murna ta rufe mini ido, ban tsaya tunanin me ya sa tsohuwar da ba ta taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba yau ta yi shiru.

Aka fara aiki. Masu kamu suka laɓe a bayan bango lokacin da karnukan suka saba karɓar dunƙulensu, aka yi ta kwasa. Dakta Parimala tana aiki da hula biyu a kai, tana tsayawa jifa-jifa ta shaƙi iska daga wata tukunyar ƙarfe. Kowane kare in ta gama da shi sai ta yanke ɗan tsinin kunnensa, don a san an yi masa. Tsofaffin suka tsaya a taga suna jiran ganin gawa. Da karen farko ya farka ya yi miƙa ya nemi ruwa, sai ga su sun shigo da barguna. Kafin yamma Zangmo ta fara yi wa likita faɗa, wai ɗakin ya yi wa marasa lafiya sanyi, a ƙara kashin yak a murhu. Na fassara mata. Ta dube ni ta ce, "Jiya ba su ne suka ce ni makashiya ce ba?" Na ce ta yi haƙuri, haka muke.

Na sake roƙon magidanta su kawo karnukan gadi, ko allurar ce kawai da fiɗiya. Allura suka yarda. Fiɗiya kuwa kowa ya ce a fara da na maƙwabcinsa.

Kwanaki suka tafi, gajimare ya fara taruwa a kan mashigar, direban likita ya fara duban sama yana duban agogo. An yi wa kusan duka. Saura Ido Huɗu. Tun ranar farko da ta hango raga ta haye duwatsu, daga can take kallonmu. Likita ta faɗa mini gaskiya: in aka bar wannan, an yi ba a yi ba, don ita kaɗai za ta sake cika kwarin cikin ƴan shekaru.

Targais ya ce a bar masa. Ranar da motar za ta tafi, tun da sassafe ya ɗauki mayafin kakarsa ya lulluɓa, ya ɗauki kwanon da take ba su abinci, ya duƙa yana tafiya da sanda kamar tsohuwa. Karyar ta sauko tana kaɗa wutsiya. Kafin ta gane hannun ba na Abi ba ne, igiya ta shiga wuyanta. Ya ɗauko ta a kafaɗa, an ɗaure bakin, hannunsa yana jini, yana dariya. Rabon da in ga dariyarsa tun kafin ɓarnar nan.

Aka ɗora ta a tebur. Likita ta zuƙo allurar barci. Ni kuwa har na fara tsara yadda zan gaya wa Skarma cewa ko ba komai a zamanina aka gama da karnuka.

"Ajiye wannan ƙarfen."

Mahaifiyata ce a bakin ƙofa, ba mayafi, tana numfashi sama-sama. Ashe da ƙafa ta taho tun daga tanti.

"Ama, lama ya riga ya yanke magana," na ce. "Ƙyalle ne kawai."

"Sansana kanta."

Ban so ba, amma na sunkuya. Tsakanin ɗigon nan biyu gashin ya kwanta ya yi maiƙo, yana warin tsohon man shanu. Na juya na ga Tsultim ya biyo ta, yana tsaye a bayanta yana gyara mayafi.

"Kai ka yi addu'ar?"

"Ta roƙe ni, Angdus. Tun kafin motar ta zo."

"Kuma ka zauna kana ce mini al'amarin yana da fuska biyu."

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi a gaban mahaifiyata ba. Na ce duk tumakin da muke da su, duk awakin, ta rasa abin ƴantawa sai wannan annobar? Ta ce tunkiya dama wa zai yanka ta bana? Ƴanci ana yi wa wanda wuƙa ke jira, a nan ladan yake. Kuma a duk kwarin wace dabba ce ba ta taɓa ɓari ba?

Targais yana riƙe da ƙafafun karyar, har lokacin da sauran dariya a bakinsa. "Haba Abi, tsohuwa mai rigima. Don wa kika yi? In don kanki ne, ai kin riga kin cinye shekarunki da na maƙwabta."

Ba ta mayar masa da wasan ba. Irin wannan suna ba a faɗinsa a bainar jama'a, ta yi ta juya carbi, sannan ta ce, "Don abin da ke cikin Lanzes."

Ni ban san Lanzes tana da ciki ba. Bayan biyun da suka zube, sun ɓoye wa kowa. Amma Targais ya sani, kuma na ga yadda hannunsa ya saki ƙafafun karyar a hankali.

"Targais," na ce, "saurare ni. Ba kashe ta za a yi ba. Ka ga sauran, suna can suna cin abinci. Kai da bakinka ka ce in ba a yi maganinta ba za ka tafi."

"Na faɗa."

"To?"

"To in aka yanka cikinta aka cire mahaifar, Aba, sannan wani abu ya sami Lanzes, da wane ido zan dube ta? Kai da wane ido za ka dube ni?"

Na juya ga likita na ce ta yi masa bayani. Ta yi, tsakaninta da gaskiya. Ta ce babu abin da ya haɗa mahaifar kare da ta mutum, ta ce abin da Lanzes ke bukata awo ne da ƙarin jini da haihuwa a asibiti. Targais ya ce ya ji, ya gode, zai kai ta. Sannan ya sa hannu biyu ya sauke karyar daga tebur. Na ce wa likita ni ne goba, na ba ta izini, ta yi aikinta. Ta mayar da allurar cikin faranti.

"Mai gari, ba na yanka dabbar da mai ita bai yarda ba. Jiya ba ta da mai ita. Yau tana da shi."

Motar ta tafi da azahar, dusar ƙanƙara ta fara sauka a bayanta.

Tunda an ƴanta Ido Huɗu don ɗansa, ciyar da ita ya koma wuyan Targais. Ya ɗaure ta a bayan tantinsa, ya ce in lokacin barbararta ya zo zai tsare ta, shi ke nan. Ta cinye igiya uku. Ya samo sarƙa, kakarsa ta ce sarƙa ƙarfe ce. Ya gina mata ɗaki da duwatsu, ta tona ta ƙasa. Kuma ba sai ta je nesa ba, ga karnukan gadin nan da iyayen gidansu suka hana a taɓa, na Skarma a kan gaba. A tsakiyar hunturu ta haihu, cike da kwando.

Sauran karnukan da aka yi wa aiki, in faɗi gaskiya, sun yi sanyi, ba su tara sababbin bakuna ba. Amma mai shayarwa ba ta ƙoshi da dunƙulen gari, kuma yanzu ba sai ta sauko daga dutse ba, a gindin shingen take kwana. Da awaki suka fara haihuwa, kullum sai an nemi ɗaya an rasa. Na taɓa iske Targais da dutse a hannu, karyar tana gabansa da jini a baki, ƙyallen yana lilo a wuyanta. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ajiye dutsen a kan shinge ya shiga tanti. Ban taɓa jin tausayinsa da haushinsa a lokaci guda kamar ranar ba.

Da hanya ta buɗe, cikin Lanzes ya tsufa, ya ce za su sauka asibiti. Na ce madalla, ni zan riƙe masa garken har su dawo. Ya ce ba sai na wahala ba, ya riga ya gama cinikin garken da Skarma da wani mutumin Shagar. Na yi faɗa, na yi lallashi, na kira sunan uwarsa. Ya bar ni na gama, ya ce, "Aba, na faɗa maka tun bara." Suka loda tanti da tukwane a babbar mota, aka ɗora Ido Huɗu a saman kaya, tunda alkawari ya ce inda yaron yake nan za ta ci abinci. Kwiyakwiyanta kuwa, wani ya ga buhu yana haura mashigar, ban tambayi ko na wane ne ba. Jama'a suka yi ta yi mini barka, wai a zamanina kwarin ya rabu da Ido Huɗu.

Lanzes ta haifi namiji, lafiyayye. Ban samu sauka ba sai da aka sake jefa ƙuri'a ta faɗa wa Skarma, na yi masa jaje da dukan zuciyata. Na same su a ɗaki ɗaya na bulo a bayan gari, inda mutanenmu da suka sauka suke zama, babu ko akuya ɗaya a unguwar. A bakin ƙofa ga Ido Huɗu a kwance, ta yi ƙiba, ƙyallen ya koɗe amma yana nan. Ta ɗago kai ta dube ni. Tsinin kunnenta na hagu a yanke yake.

Na tsaya ina kallon kunnen. Targais ya fito da yaron a hannu, ya ga inda nake kallo.

"Masu kamun gari ne," in ji shi a hankali. "Satin da muka iso, muna asibiti wajen awo, suka zo da mota suka kwashe na unguwar duka. Su ba sa tambayar ƙyalle. Bayan ƴan kwanaki suka dawo da ita da ɗinki a ciki."

"Kafin haihuwar?"

"Kafin."

Na karɓi yaron. Nauyi gare shi, ga kumatu, ya kama gemuna ya ja. Na so in yi ihu, na so in fita in nemi wanda zan zaga, amma wa? Tsohuwar da ta ba da man shanunta don wannan yaron, ko uban da ya ƙi yin caca da shi?

"To ai magana ta ƙare," na ce. "Ba za ta sake haihuwa ba. Ku tattara mu koma."

"Da wane garke, Aba?"

Lanzes ta kawo shayi. Muka sha. Da zan tafi ya rako ni har tasha, ya ce don girman uwarsa kada in gaya wa Abi.

Na isa Tsemar da yamma. Mahaifiyata tana bakin tanti tana jira, ta tambayi yaron, ta tambayi kamanninsa, ta sa na kwatanta mata girman cinyarsa da hannu. Sannan ta ce, "Ita fa?"

"Ta yi ƙiba. Ƙyallenki yana wuyanta."

Ta gyaɗa kai, ta ja carbi ɗaya. "Ka gani ko? Da na biye maka."

"Na gani, Ama," na ce. Na ɗauki sanda na fita taro awaki, don rana ta kusa faɗuwa kuma babu mai taro su sai ni.